Ranar da Na Wuce Aminina Ban Gaishe Shi Ba

Da farko layin ƙofar masallacinmu na Garwa ne ya karkace. Na zagi magini a raina. Daga baya sai wani tabo kamar na toka ya zauna a tsakiyar duk abin da na kalla. Ina ganin rigar mutum da takalminsa, fuskar ce babu.

Likita ta haska idona ta ce: "Baba, wannan ba yanar ido ba ce da za a cire. A can bayan ido akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar gero ba, da shi ake karatu da gane fuska. In shekaru suka ja, datti kan taru a ƙarƙashinsa har ƙwayoyin wurin su mutu. Akwai gado a ciki, taba kuma tana ƙara hura wutar. Gefen idon zai ci gaba da aiki."

Gefen nan shi ya ja mini. Ina tafiya ba sanda, ina kauce wa babura, wa zai yarda ba na gani? A wurinmu kuwa mai tafiya ne ke gaida na zaune. Haka na wuce aminina, mai sayar da yadi a kasuwa, wanda muka tashi tare tun muna yara. Ya daina leƙo ni. Na rasa mai zuwa shan shayi da la'asar, kaɗaici ya ishe ni.

Da na ji dalilin fushinsa sai na tafi rumfarsa. Don in ga fuskarsa, na kau da kai wajen bango, ina hango shi ta gefe. Na fara bayanin ƙwayar gero.

Ya katse ni. "Haba Alhaji! Ka wuce ni kamar kututture, yanzu kuma ko kallona ba za ka yi ba?"

Raina ya ɓaci, amma na fi tsoron komawa gida ni kaɗai. Na juyo na dube shi sosai, tabon ya rufe shi gaba ɗaya.

"Yauwa," in ji shi, muryarsa ta yi sanyi. "Ko kai fa!"

Ya aika a kawo shayi. Muka yi ta hira har magariba, ni ina kallon toka.