Rashancin Dramane

A duk garin Segu babu wanda ya kai Dramane Diarra iya kama ubangida a makare. Yana saurayi gwamnati ta tura shi Tarayyar Sobiyat koyon gyaran motar noma. Ya sha sanyi, ya ci kabeji har ya gundure shi, ya iya Rashanci tsaf. Dawowarsa ke da wuya da takardar shaida da hular gashi, sai rediyo ta ce ƙasar da ta ba shi takardar ta wargaje. Motocin da ya koyi gyarawa suka zama akurkin kaji a bayan gari.

Ya koma gyaran injin ban-ruwa a bakin kogi, ya binne Rashancin, ya ce yanzu duniya ta Faransa ce. Ɗansa Siaka ya sha bulala a kan Faransanci, wai don kada ya yi irin asarar ubansa. Yaro ya goge, ya samu aikin tafinta a wata ƙungiyar Turawa. Bai gama ɗumama kujera ba sojojin Faransa suka tattara komatsansu, ƙungiyar ma ta bi bayansu. Siaka ya dawo zaman kashe wando, ga mata ga goyo.

Yanzu kuma sojojin Rashawa ne a ƙasar. Abin da ya fi ƙona wa Dramane rai, waɗanda suka shekara talatin suna masa dariya su ne yau ke gaishe shi da hannu biyu. Tsoho Traore kaɗai, abokin wasansa na dangi, bai fasa ba. Kullum a majalisar shayi sai ya taɓa shi.

"Kai maciyin wake, iyayen gidanka sun dawo! Ina hular gashin, ko asu ya cinye?"

"Rufe min baki, bawana. Kai da ko Bambaranci, yaren uwarka, sai an yi maka fassara."

"To ka koya wa ɗanka Rashancin mana. An ce suna neman masu fassara da za su bi su arewa."

"In koya masa me? Na ga tafiyar 'yan Sobiyat, na ga tafiyar Faransa. Waɗannan ma za su tafi, kuma wanda ya zama bakinsu shi za a bari da mutanen gari."

Tsoro yake ji, ba komai ba, amma da faɗa yake fitar da shi. Siaka ya roƙa, ya turo uwarsa, ya turo limami, Dramane ya ce allambaram. Sai yaron ya koma koyo a waya.

Wata ranar kasuwa Dramane na kwance wani inji, hannu duk baƙin mai, Siaka ya zo ya durƙusa.

"Baba, sun ɗauke ni. Jibi za mu tashi."

"Da wane Rashancin?"

"Na waya."

"Na waya! To jero min abin da ka iya."

Siaka ya jero: gaisuwa, godiya, ruwa, fetur, hagu, dama, "na ji, maigida." Dramane ya ja tsaki, ya yi jifa da sifana.

"Shi ke nan? In kun shiga ƙauye, wani ya ruga da gudu don tsoro, aka ɗaga masa bindiga, sai ka ce musu na gode?"

Siaka ya sunkuyar da kai. Dramane ya daɗe yana kallon ƙeyarsa, takaici kamar ya rufe shi da duka. Sannan ya jawo benci da ƙafa.

"Zauna, sakarai. Buɗe bakin da kyau, ba taunar goro kake ba. Ka ce: kada ku harba, makiyayi ne."

Siaka ya maimaita, ya sake, har ta zauna masa a baki.

"Saura ɗaya," in ji Dramane. "Ka ce: kada ku tafi ku bar ni."