Ruwan Bidon Baba

Shekara takwas ke nan da rasuwar surukina, wanda mutanen Filinge sunka sani da Mai Bashe, saboda tsohuwar motarsa mai rumfar tamfol a baya. Har yau ina jin direbobi a tasha suna kawo misali da shi, wai ga wanda ya kashe injinsa da sakaci. Shi ya sa na rubuto.

Shekarar da fari ya yi tsanani ina goyon ɗana na fari. Tun bai yi ciwon komai ba nake tsoron rijiyarmu. Ruwan ya ja baya, abin da guga ke kawowa ja ne, ga ɗanɗanon kanwa. Yaran maƙwabta biyu zawo ya ɗauke su cikin wata guda. Kullum nakan taɓa maɗigar yarona in ji ko ta faɗa, amma a ɓoye, don mace ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gidan miji. Suruki kuwa ko ido ba a haɗawa da shi, balle a roƙe shi wani abu.

Motar ta girme ni. Baba ya saye ta hannun wani Bature tun wajen samun mulkin kai, kuma ba a taɓa sauke injinta ba. Da safe ba ya tashi sai ta yi ɗumi. Baƙin mai yana canza shi kafin ya yi kauri, matatar iska kuwa duk ranar kasuwa sai ya kakkaɓe ta. Amma abin da ya fi tsananta wa shi ne ruwa. Bido biyu, wato jarka, yake ɗaukowa na ruwan pampo daga Yamai, ya ajiye a zaure, na inji kaɗai. Yakan ce wa direbobi, "Ruwan kanwa cikin inji? Ku ba raƙumi, shi ke son ta."

Ranar da yaron ya fara zawo na ɗebi kwano guda daga bidon na ba shi, na tace ruwan rijiya da ɗankwali na mayar don kar a ga ya ragu. Na ce yau kaɗai. Yaron ya samu sauƙi, sai na kasa bari. Wata biyar ina yi, wani lokaci fiye da rabin bidon nawa ne na rijiya. Ban san kanwa na taruwa cikin ƙarfe ba. Amma na san ya hana, wannan kam na sani.

Lokacin ita ce motar da ke kai hatsin taimako ƙauyukan wajen Bankuku. Can kan hanya, da rana tsaka, ta tafasa, kan injin ya tsage. Buhunan sai da jakuna anka kwashe su, kwana uku mutane na jira. Mijina ya ba ni labarin yadda makanike ya buɗe injin gaban jama'a, ya ƙwaƙulo farin abu kamar alli da ya toshe hanyoyin ruwa, ya ce, "Ashe Baba, mu kake yi wa wa'azi, kai kana ba ta rijiya?" Anka yi dariya.

Da ya dawo gida ina daka a tsakar gida. Ya tsaya, ya dubi yaron yana rarrafe, ya ce wa surukata, "Iya, maigidan nan ya yi kumatu." Ta ce, "Ka bar shi da bakinka." Ya ce, "Madalla," ya shiga ɗaki. Daga ranar nan bidon bai koma zaure ba, bakin ƙofar ɗakina na tarar da shi. Ko ya gane ne, ko kuwa don ba shi da sauran amfani gare shi, ban sani ba. Shekara uku muna gida ɗaya bayan haka, ina kai masa fura, ina durƙusawa, ban faɗa ba. Ba a samu kan injin ba ko a Yamai, bai sake tuƙi ba har ya rasu.

Yanzu an yi pampo a unguwarmu. Ina ganin samari suna zuba wa sabbin motoci ruwan tafki, shekara kaɗan sai a jingine su bayan tasha. Da yana nan da ya sha faɗa da su, ko da yake ban san ko za su saurare shi ba, tunda an riga an ɓata masa magana. Yaron nan yana lakwal yanzu, yana karatun boko. In na dube shi ba na iya cewa da na sani ban ɗiba ba. Abin da ke cina shi ne shirun. Da na aika surukata ta gaya masa, bido na uku kawai zai ƙara.

Duk wanda ya taɓa shiga motar nan, ko ya ci hatsin da ta kawo, ya sani Baba bai taɓa zuba mata ruwan rijiya da saninsa ba, ni ce na zuba. In kun ji ana wannan magana a tasha, ku gyara ta. Ku kuma sa shi cikin addu'a.