Ranar da Aka Kawo Fuskar Yaron Mota

Inna ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. Ɗan fari ne, ita kuwa irin matan da ce masu kunya ta gaske. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", in ya shigo gida ta kau da kai kamar ba ita ta haife shi ba. Tuwonsa dai kullum ya fi na kowa man shanu, ni ce shaida, don na sha yin fushi a kan haka.

Yaya yaron mota ne, yana bin wani kamiyo mai ɗaukar gyaɗa tsakanin Maraɗi da Katsina. Wani rani ya ƙetare ta Ɗan Issa, bai dawo ba. Aka yi yaƙi a Najeriya, aka gama, waɗanda za su dawo suka dawo, shi shiru. Ba saƙo, ba gawa. Abin da ya bari a gidan rediyo ne mai rigar fata, wanda ya kawo a zuwansa gida na ƙarshe. Baba ya riga ya rasu, ni kuma aurena ya mutu na dawo Madarunfa ina suyar kifin tafki. Mu biyu ke nan a gida, sai rediyon.

A lokacin akwai wani wasa da gidan rediyon ƙetaren iyaka ke sawa kowace Laraba bayan la'asar, wasan mutanen tasha. Akwai Alhaji mai mota, marowacin ƙarshe, akwai mai tuwo, sannan akwai Yaron Mota, wanda saboda shi kowa ke saurare. Bakinsa ba ya mutuwa. In zai shirga ƙarya sai ya fara gyaran murya, kafin ya ce komai an fara dariya. Ba wanda ya taɓa ganinsa, amma kowa ya san kamanninsa. Masunta sun ce gajere ne siriri, telan bakin kasuwa ya rantse dogo ne mai wushirya, har faɗa na ga an yi a kan wushiryar nan.

Inna ba ta damu da wasan ba sai wata Laraba. Tana tsintar wake, ni ina gyaran kifi, Yaron Mota ya ce, "Alhaji, kamiyon nan ya gaji," sai ya yi sauri ya gyara, "lorin nan nake nufi." Can ƙetare lori suke cewa. Kamiyo maganarmu ce, ta nan gefen. Hannun Inna ya tsaya cikin faifai.

"Ƙara murya," ta ce.

Na ƙara. Sai na ji abin da ta ji, gyaran muryar nan da dariyar da ke ƙarewa kamar tari. Yaya haka yake yi. Ko kuma ni ce na so in ji hakan, har yau ban sani ba.

Tun daga ranar rediyo ya koma ɗakinta. Ba labaru, ba waƙa, kada pil, wato batir, ya ƙare kafin Laraba. Ba ta taɓa cewa komai ba, ni ce bakina bai iya shiru.

"Inna, mutanen Maraɗi nawa ne a Najeriya? Kowannensu kamiyo zai ce."

"Na ce da ke wani abu?"

"Ba ku ce ba, amma ina da ido."

"To ki sa shi a kan kifinki, yana ƙonewa."

Abin yana cina ƙwarai. In shi ne, to yana raye yana ba ƙasa guda dariya, ya bar uwarsa tana liƙa kunne a akwati. In ba shi ba ne, to a kan ɗan wata take ramewa. Duk wanda na ɗauka ɗaci ne. Daga baya gidan rediyon ya fara maimaita tsofaffin wasanni, mutane suna ta mita. Inna kaɗai ta ji daɗi, don na kamiyon ya sake zagayowa.

Ana nan sai labari ya cika gari cewa an mai da wasan silima. Wani ɗan kasuwa na Ɗan Issa, mai safara tsakanin ƙasashen biyu, ya samo shi da injinsa, zai nuna a filin mangaza, inda ake tara gyaɗa, ranar kasuwa da magariba. Gari ya ɗauki zafi. Tela ya ce yau masunta za su ji kunya, masunta suka ce a bari a gani. Ni kuwa na san abin da za a kawo mana: fuska.

Ban gaya wa Inna ba. Da na dawo daga bakin tafki na tarar ta wanke baƙin zanenta na rini, wanda rabonta da shi tun rasuwar Baba, ta shanya a kan danga.

"Inna, ba dai silima za ku ba?"

Ta ci gaba da gyara zanen a kan danga.

"Tsohuwa kamarku cikin samari da 'yan tasha? Mi za a ce?"

"In ba za ki ba, na san hanya."

Na yi faɗa, na yi magiya, na ce zan je ni kaɗai in zo in ba ta labari tiryan-tiryan. Ta dube ni ta ce, "Ke za ki gaya mini gaskiya?" Ta san ni, ba zan gaya mata ba, kowace iri ce.

An kewaye filin da zana, an rataya farin ƙyalle jikin bangon mangaza. Maza suka cika gaba da tsakiya, mu mata 'yan kaɗan aka ware mana gefe. Duk wadda ta ga Inna sai ta sake dubawa, sannan ta gaishe ta a ɗarare. Injin wuta yana ta ruri a baya, ƙwari suna yawo cikin hasken. Inna ta zauna a tabarma ta miƙe bayanta, ta kama wuyan hannuna.

Aka fara. Ga tasha, ga motoci. Alhaji ya fito, da ya yi magana aka ɗau sowa, don muryarsa ce sak. Mai tuwo ta fito, muryar ita ce, sai dai yarinya ce ɗanya, matan kusa da ni suka yi tsaki suka ce wannan ko tukunya ba za ta iya saukewa ba. Ni ba na jin komai sai yatsun Inna. Sai aka nuna wata babbar mota, ga ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashinta. Alhaji ya buga ƙyauren motar ya kira Yaron Mota. Ƙafafun suka motsa. Farcen Inna ya shiga fatata, ban janye ba, addu'a nake yi, kuma wallahi ban san me nake roƙo ba.

Ya fito. Wani ƙato ne fari mai tumbi, da agogo a hannu, rigarsa ko ɗigon baƙin mai babu. Ba Yaya ba ne. Ya buɗe baki, murya ta fito mai kauri kamar daga cikin randa, ba gyaran murya, ba komai. Ba Yaron Mota ba ne ma.

"Wanga ba shi ba ne," wani ya ce daga gaba.

Kamar jira ake. Maza suka miƙe, ana cewa an cuce su, an kawo musu mahauci an ce yaron mota ne. Tela da masunta, yau bakinsu ɗaya. Aka fara watsa ƙasa, wani takalmi ya daki ƙyallen, ƙaton ya lanƙwashe ya miƙe yana ta zubarsa. Jandarman da ke bakin ƙofa ya zare bel ɗinsa. Zana ta fara kwantawa ta gefenmu, mata suka tattara yara.

Inna ta saki hannuna. Na duba, sai na ga fuskarta ta saki.

"Ba muryar ba ce," ta ce a hankali.

Na gane. Tunda ba muryar ba ce, ba a karɓe mata komai ba, Laraba tana nan. Na ji wani sanyi, na ce, "Inna, ku tashi mu tafi kafin a tattake mu." Da ma mun tashi a lokacin.

Ɗan kasuwar ya kashe injin silima, ya hau kan wata ganga yana ɗaga hannu. Tsoron kayansa yake ji, ana gani.

"Jama'a, ku yi wa Allah ku saurara. Ba ni na canza shi ba. Mai yin Yaron Mota a rediyo Allah ya yi masa rasuwa, an kwana biyu. Abin da kuke ji ranar Laraba tsohon ɗauka ne, ba ku ga maimaitawa suke ba? Dole ce ta sa aka sa wani."

Hayaniya ta faɗi. Aka yi salati, aka ce ashe, aka ce Allah ya jiƙansa. Mai takalmi ya je ya ɗauko abinsa. Aka zauna, aka tada inji. Ba a jima ba ƙaton ya zame ya faɗa cikin taɓo, filin ya kwashe da dariya. Na tsane su a lokacin, dukkansu, har yaran.

Inna ta tashi. Ba ƙofa ta nufa ba, tsakiyar maza ta ratsa, inuwarta ta hau kan ƙyallen, aka fara gunaguni, da aka ga ko wace ce aka yi shiru aka janye ƙafafu. Na bi ta har wurin inji. Ɗan kasuwar ya rusuna.

"Iya, lafiya?"

"Wanda ya rasun, mutumin ina ne?"

"Wallahi ban sani ba, Iya. A tasha na ji. An ce dai baƙo ne a can, ba a san danginsa ba, abokan wasansa ne suka yi masa sutura."

"Sunansa fa?"

"Kowa Yaron Mota yake ce masa."

Ta gyaɗa kai, ta yi masa godiya kamar ya ba ta wani abu.

A hanya bakina bai tsaya ba. Na ce baƙi sun yi yawa a can, na ce maganar tasha ba abin kamawa ba ce, na ce ƙila ɗan kasuwar ƙarya ya shirga don ya ceci injinsa. Ni da na yi shekaru ina cewa ba shi ba ne, yanzu ma haka nake cewa, sai dai yau lallashi nake. Dariyar filin tana biyo mu har muka wuce masallaci.

A ƙofar gida ta tsaya. Ta juya ta fuskanci kudu, wajen iyaka, ta kira sunan Yaya. Ba da ƙarfi ba, yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, sai na ji kamar na wani ne. Ta ɗan tsaya tana saurare, ni ma na tsaya.

Sannan ta gyara zanenta ta ce, "Da safe ki jiƙa gero, za mu yi gumbar sadaka."