Sunan da Aka Sa wa Ilu

Ina shekara tara aka kawo kakarmu, Inna Delu, London don a yi mata aikin ƙafa. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, gwamnati ta turo Baba karatun likita, muna zaune a hawa na shida a wani gidan haya na ƙaramar hukuma a unguwar Thamesmead. Babu murhu, sai hita mai jan ƙarfe biyu. Gabanta Inna take shimfiɗa bargo bayan magariba, ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ta yi mini tatsuniya. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ni kuma Hausata ta ji ce, ba ta faɗa ba.

Wata Asabar aka sa tsohon fim a talabijin, irin mai baƙi da fari, na zamanin mulkin Turawa. Wani Bature ya juyo kan masu ɗaukar masa kaya yana faɗa, sai murya ta ɗauke. Bakinsa ya motsa, shiru, sannan maganar ta dawo. Na yi dariya. Baba ya ce masu gidan talabijin ne suka cire kalmar, ba ta dace da yara ba.

Sai Inna ta faɗe ta. Daidai, ba ko gargada.

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Inna, ina kika ji wannan?"

"A bakinsa na gani. Ai sunan Ilu ne."

Ta sa aka kashe talabijin. Ran nan ba ta yi buɗin tatsuniya ba. Ta ce Ilu ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin yaƙin duniya, tana goyon Baba, aka zo ƙauyensu aka ɗebi samari tilas zuwa haƙar kuza a kan dutsen Jos. Ilu ya tafi yana mai yawan surutu da wasa. Bayan wata huɗu ya dawo ƙashi da rai, yana tari, ba ya cewa komai sai kalmar nan ɗaya, yana dukan ƙirjinsa. Mutanen gari suka ɗauka laƙabi ne Bature ya ba shi don ƙwazonsa. Kowa ya kama kiransa da ita.

"Har ni," in ji ta. "In na kai masa fura, da shi nake tashinsa. Sai ya toshe kunne ya juya bango. Na ce kunya ce. Wata biyar ya yi a gida, damina ba ta ƙare ba muka binne shi."

Ta dubi Baba. "Me take nufi, Sule?"

Baba ya ce ba komai ba ce, maganar banza ce. Ya tashi ya shige kicin.

Sai ta juyo gare ni. "Bilki, ke ba kya mini ƙarya."

Na san kalmar. Kusan kullum ina jinta a filin wasan makaranta, ban taɓa gaya wa kowa a gida ba. Na harhaɗa 'yar Hausata na ce, "Baƙi ne, Inna. Wanda ba mutum ba."

Ta kalli tafin hannunta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai, "Sau nawa ke nan, a wata biyar?" Ta tashi da ƙyar ta yi alwala.

Ta ƙara wata uku tare da mu, amma ba ta sake yi mini tatsuniya ba. Ta koma gida, ta rasu shekarar da ta biyo. Baba bai taɓa yi mini faɗa a kan abin ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba har ya bar duniya.

Yanzu ina da jikoki a Barking. Na gane dalilin masu cire kalmar a talabijin, ni ma ba na so kunnen yaran nan ya saba da ita. Amma na ga abin da rashin sanin kalma ya sa mace ta yi wa ɗan'uwanta da bakinta, cikin ƙauna. Wasu ranaku ina ganin haƙƙinta na ba ta. Wasu ranaku kuma ina cewa da na bi Baba kicin.