Ƙafar da Na Binne

Shekara ashirin da wani abu na yi ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare tsakanin Mashi da Daura, kuma wallahi tambayoyin yara sun fi ƙurar alli cin raina. Ba wuya gare su ba, maimaici ne. Kowace shekara sai an samu mai ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa in mutum ɗaya ya yi hamma sai kowa ya kama?" Kafin ka sallame shi wata ta taso da zancen shaƙuwa. Daga can kujerun baya kuma, mazaunin 'yan gyangyaɗi, wani zai jefo tasa: wai da gaske akwai mutane a wasu duniyoyin? Wannan kam ba ta taɓa fashi ba. Nakan ce musu taurari sun fi ƙarfin ƙirga, da yawansu kuma suna da duniyoyi masu kewaya su kamar yadda tamu ke kewaya rana, saboda haka wataƙila akwai wata halitta a can, amma har yau ba wanda ya gani. Na faɗi wannan magana har na gaji da jin muryata.

Tambayar da ta kayar da ni ba daga aji ta fito ba. Daga yayana ta fito, wanda muke ciki ɗaya.

Yaya falken dabbobi ne. Tun yana saurayi yake koro shanu a ƙasa daga kasuwannin bakin iyaka, yau Mai'aduwa, jibi Babban Mutum, wani lokaci har cikin Nijar. Ƙafarsa ce jarinsa, da ita ya biya mini makaranta bayan rasuwar mahaifinmu. Da girma ya fara zuwa sai ya sayi babur don ya huta, ashe hutun ke nan. Ran wata kasuwa yana dawowa mota ta kwashe shi, ƙafar hagu ta farfashe. Aka yi ɗori bai kama ba, ta fara wari, muka kai shi asibiti, likita ya ce sai dai a yanke ta daga saman gwiwa.

Bayan aikin aka miƙo mini ita a naɗe cikin leda. Gaɓar ɗan Adam ba a yar da ita a bola, binne ta ake yi. Na sayi farin ƙyalle na ƙara naɗewa, na ari diga, na tafi gefen maƙabarta ni kaɗai. Bazara ce, rana tsaka, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Ni kuwa hannun alli gare ni, ga shi kwana biyu ban ci abin kirki ba. Na haƙa har tafin hannuna ya yi bororo. Da na gwada sai ramin ya gaza, ƙafar ta fi shi tsawo. Na dubi diga, na dubi rana, na ce ai ba mutum ba ne, ƙafa ce. Na lanƙwasa ta a gwiwa, na tura ta ciki, na mayar da ƙasa. Ba wanda ya gani, ban kuma gaya wa kowa ba.

Wata biyu bayan an sallamo shi, na shiga gaishe shi da la'asar, yana zaune kan tabarma a zaure. Ya ce, "Kai, tafin ƙafata ke ƙaiƙayi." Na kai hannu ga ta dama zan sosa masa. Ya ce, "Ba wannan ba."

Nan malantata ta motsa. Na gyara zama na yi masa bayani: jijiyoyin da aka yanke suna nan da ransu a dungun, suna aika saƙo, ita kuwa ƙwaƙwalwa ba ta daina lissafi da ƙafar ba. Don ya gane har na kawo masa misali daga sana'arsa. Na ce kamar makiyayi ne da ya sayar da saniya, amma da yamma sai ya iske kansa a bakin turkenta da dusa a hannu. Ni a ganina na yi ƙoƙari. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ka gama? To har yanzu tana ƙaiƙayi."

Da ƙaiƙayin ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya koma zugi. Maganin asibiti ya sha, rubutu ya sha, babu wanda ya yi. Mutumin da ke cinye kwanon tuwo shi kaɗai ya koma sai matarsa ta yi ta lallashi kafin ya kurɓi kunu. Ran nan ina shiga ya dube ni ido cikin ido ya ce, "A naɗe take. Gwiwar ta ƙage, kamar na shekara a durƙushe. Kai ka binne ta. Yaya ka kwantar da ita?"

Na san cewa masu irin lalurarsa da yawa haka suke jin gaɓar a murɗe, ko da kuwa ba a binne tasu ba sam. Na karanta, na sani. Amma sanin bai hana zufa keto mini ba. Ni kuma halina ne, in na ji kunya sai ta juye faɗa. Na ce, "Haba Yaya! Naman da ya ruɓe tuni shi zai aiko maka da ciwo daga maƙabarta? Da wace wayar? Wannan ai zancen mutanen da ne!"

Ya ce, "Ka je ka tono ta ka miƙar mini da ita."

Na ce ba zan je ba, ko me za a yi.

Can ya ce, "'Yar wajena da ke ajinka ta ce kana gaya musu wataƙila akwai halittu a can sama. Ka gan su?"

Na ce ban gan su ba.

"Amma su ka ba su wataƙila. Ni ɗan'uwanka ina gaya maka abin da nake ji a jikina, ko wataƙilar ba ka ba ni ba."

Daga ranar ya ɗauke mini wuta. In na yi sallama ya amsa, don amsa sallama wajibi ne, sai ya juya fuska bango. Haka muka ci damina guda. Ina zuwa makaranta, ina amsa zancen hamma da shaƙuwa, ina dawowa in zauna a zauren mutumin da ya raine ni ina kallon ƙeyarsa. Na gaji ƙwarai, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Shi kuwa sai ramewa yake yi. Da kaka ta yi matarsa ta tare ni a ƙofar gida ta ce, "Malam, yayanka ya ce gobe da kansa zai tafi maƙabartar ya tono ƙafar, da sandarsa, ko da jan gindi ne. Ka rufa mana asiri."

Washegari da hantsi na sake aron diga. Da na isa sai na tsaya kamar baƙo. Tafasa da ƙarangiya sun rufe wurin, ruwa ya shafe tudun, ga sababbin kaburbura sun matso har inda nake zaton nan ne. Ban sa alama ba ranar, sauri nake in tafi inuwa. Na zaɓi wani wuri na haƙa, ban samu komai ba sai saiwa. Zan matsa gaba, tsohon da ke kula da maƙabartar ya ce, "Malam, a kula, nan akwai bayin Allah." Na mayar da ƙasa, na zauna gindin wata aduwa, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka yanke ƙafar.

Na koma gidan da ƙasa har gwiwar hannu. Yaya ya juyo, karo na farko cikin watanni. Ya daɗe yana kallon hannuwana. Ya ce, "Ka miƙar?"

Na ce, "Na miƙar, Yaya."

Ya sauke dogon numfashi, ya jingina da bango, ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka." Ya ƙwala wa matarsa kira ta kawo tuwo, muka ci a kwano ɗaya, har yana tsokanata wai malamin boko ya iya riƙe diga. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina in dai ƙarya za ta yi abin da bayani ya kasa, to na ɗauki alhakinta.

Bayan kamar mako biyu na biyo ta gidansa da rana, lokacin da bai saba ganina ba, saboda an tashi makaranta da wuri. Ƙofar zauren a buɗe take. Na hango shi ya rungume dungun da hannu biyu, ya cije gefen rigarsa, yana kaɗa jiki gaba da baya, hawaye na bin gemunsa, ba ya ko ƙara don kada a ji a cikin gida. Na ja da baya na tsaya jikin katanga. Na rasa ko in shiga ko in juya. Daga ƙarshe na yi gyaran murya, na yi sallama da ƙarfi, na ɗan jira kafin in leƙa.

Na iske ya gyara rigarsa, ya goge fuska, hannuwansa na kan cinyar dama. Ya matsa mini a tabarma yana murmushi.

Ya ce, "Shigo mana, Malam. Ka san tun ranar nan ban ƙara jin komai ba."