Kwalaben Malam Isyaku Mai Hanji

“Ka bar mini kwalaben nan, Isyaku. Kafin ruwa ya sauka za ka ji sakamako.”

Bakinka ne ya faɗa, ranka ya daɗe, a gabana, zamanin mulkin soja. Yau da safe aka kira ni daga Dangora, Malam Isyaku ya rasu bai ji sakamakon ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, malamina ne a jami'a, masanin tsutsar cikin kifi. Mu je dam ɗin Tiga, kowa na cinikin tarwaɗa, shi yana tsugune gaban mata masu suya yana roƙon kayan ciki.

“Ga Mai Hanji nan! Malam, miya za ka yi ne?”

“Shaidu nake nema, Iya.”

Shi ya koya mini cewa tsutsar ta fi naman kifin zuƙar dalma. Idan ruwa ya fara lalacewa, a jikinta ake fara gani. Yana zargin ruwan wankin kuza da ke gangarowa daga duwatsun Doguwa, sai ya tara tsutsotsin a kwalabe, amma injin gwaji yana ofishinka.

Na ce masa, “Malam, a raba biyu, mu ajiye rabi.”

Ya ce, “Hauwa, mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya zan ba rabin amana?”

Ya ba ka duka.

Daga baya muka ji surukinka yana da ramin kuza a can Doguwa. Kwalabe suka yi ɓatan dabo. A taro ka ce Isyaku ba shi da hujja, yana son kashe wa masunta kasuwa ne. Matan da ke tsokanarsa suka daina amsa sallamarsa. Wannan ya fi komai cin ransa.

Malam fa, mutumin da ya ba ni takalmin robarsa, ya shiga taɓo da ƙafa. Wanda ya je har gida ya lallashi babana na ci gaba da karatu.

Ganina da shi na ƙarshe bayan sallar layya ne. Ya rame, amma ya yi dariya ya ce, “Har yanzu kina cin tarwaɗa?” Da na tashi tafiya ya yi ƙasa da murya: “Mutumin nan bai ce komai ba?”

Ɗazu kuma na ga ka rubuta a shafinka wai an yi rashin ɗan'uwa. Kunya ba ta kama yatsanka ba?

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya bi masa haƙƙinsa. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Kai kuma, na ba ka wa'adi zuwa ranar addu'ar arba'in. Ka kawo kwalaben gidansa, dalma ba ta ruɓewa. In ka zubar, ka tsaya gaban 'ya'yansa ka faɗa. In ranar ta wuce shiru, zan sa sunanka a nan, in ɗauki bokiti in koma Tiga roƙon hanji. Yanzu ni ma ina da injin, kuma ban taɓa cin tuwonka ba.