Kwamfutocin Malama a Birnin Gwari

Mun tashi daga Kaduna bayan sallar asuba, mu uku har da direba, da filas biyu na kwamfuta a aljihuna. Wata malamar sakandare a Birnin Gwari ce ta kira mu. Ɗalibanta za su rubuta jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta, kuma yawancinsu ba su taɓa danna ko harafi ɗaya ba. Tsofaffin kwamfutocin makarantar duk sun ƙi tashi.

Hanya dai ramuka da shingayen jami'an tsaro. Direbanmu mai surutu ne, amma da muka shiga daji sai ya kashe rediyo, ya koma salati. Ni ma na kama salatin, ba zan ɓoye ba. A cikin gari muka samu waina da miyar taushe mai araha, har abokin tafiyata ya ce a bar shi nan.

Ɗora Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, daga filas na farko bai ba mu wahala ba, kwamfutocin suka farfaɗo. Abokina ya gyara tsayuwa yana yi wa Malama bayani: a nan sa manhaja kamar shiga kanti ne, ka zaɓa, ka danna, shi ke nan. Ya danna. Babu sabis. Ya ɗaga waya sama, ya fita tsakar gida, ya dawo yana gumi. Ga direba yana leƙowa, don ba a barin garin bayan la'asar.

Na ciro filas na biyu. A ciki akwai manhajar koyon buga rubutu da ta gwajin jarrabawa, irin waɗanda kowacce fayil ɗaya ce, ba ta neman komai a intanet. Na kwafi ta farko, na ba ta izinin aiki, ta buɗe.

"Ashe kamar tura waƙa ne," in ji Malama. "Tashi, ɗana, in yi da hannuna. Ku ba dawowa za ku yi ba, ni kuwa ba zan roƙe ku ku sake biyo dajin nan ba."

Ta yi kuskure, ta sake, ta samu. Sauran kwamfutocin duk ita ta ƙarasa, muna tsaye.

Mun iso gida da magariba lafiya. Abin da na koyo shi ne, manhaja mai sauƙi ita ce wadda mutum zai iya sawa bayan ka tafi. Filas ɗin na bar wa Malama, ta ɗaure shi a bakin mayafinta.